Tsoho da Kajinsa Masu Zare a Ƙafa

Ranar da aka kai kakana makwancinsa na yi wata wauta da har yau ake tsokanata da ita a unguwarmu. Muna zaune a ƙofar gida bayan an dawo daga maƙabarta, sai wani dattijo da ya zo tun daga Dungu ya riƙe hannuna ya ce Allah ya jiƙan kakanka. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Zai ji." Watanni na yi a zauren nan ina karɓar saƙon masu dubiya, kowa ya ce a gaishe shi da jiki in ce zai ji, har bakina ya saba ya daina shawara da ni. Dattijon ya saki hannuna a hankali kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Babana ya yi mini hararar da ta isa ta dafa ƙwai. Wani mahauci a ƙarshen tabarma ya cusa kansa cikin babbar riga, kafaɗunsa na rawa, mutane suka ɗauka kuka yake yi har aka shiga ba shi haƙuri.

Mahautan Matamaye kaf sun zo, kuma su ne suka fi kowa daɗewa a kan tabarma. Abin ya ba mutane mamaki, don duk garin nan ba wanda ya sha zaginsu kamar kakana. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. A ma'aikatar dabbobi ya yi aikinsa har ya ajiye, shi ne mai duba nama a kwata, dabba ba ta fita kasuwa sai ya duba cikinta ya buga hatimi. Babban mahautan ya ce hantar da Tsoho ya sa aka jefa rami aka zuba mata kananzir, in da an tara ta, ta isa ta ƙosar da Damagaram har a yi sadaka da saura. Ya ce sun zage shi a gabansa, sun zage shi a bayansa, amma duk ranar da zai kai wa 'ya'yansa nama, mai hatimin Tsoho yake zaɓa.

A cikin gida Iya, kakata, ta shiga takaba. Tana zaune a bakin gado ba ta kuka, duk matar da ta shigo sai ta tambaye ta ko an ba ta abinci. Wanda ya yi kukan da maza ba sa yi a bainar jama'a shi ne ƙanin Tsoho da ke zaune a Ɗan Barto, wanda muke kira Kaka Ƙarami. Ya jingina da bango, hularsa a gwiwa, yana maimaita magana ɗaya: da bai daina sha ba, da bai daina sha ba. Liman ya ce ya yi istigfari, kwana ne ya ƙare. Ya yi istigfarin, ya koma kan maganarsa.

Sauran masu ta'aziyya duk bakinsu ɗaya: mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba ruwansa da kowa. Wannan ana faɗa wa duk wanda ya mutu, har wanda a raye ba a gaishe shi. Ba wanda ya ambaci kajinsa. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ni jika ne, ina da izinin tsokanarsa ko yana ƙasa, kuma ban yarda a manta da shi cikin kalmomin da suka yi wa kowa daidai ba.

Ni da shi ba mu taɓa shiri a baki ba. Iya tana ce mini angonta, shi kuma yana ce mini ɓarawon mata. In na shigo da safe kafin in wuce lakwal, makarantar boko, zai ce ga shi nan, ko itace bai saro ba ya zo cin ɗumamen mai gida. In ce masa ya sakar mini matata tunda haƙoransa sun riga shi ajiye aiki. Sai ya wurgo mini takalmi, kullum kuma yana kuskure, da gangan.

Shayinsa ba shayi ba ne, sukari ne da aka yi wa wanka. Cokali yana iya tsayuwa a ciki ba mai riƙe shi. In lokacin rake ya zo, ɓawon da yake tarawa a gindin kujerarsa sai da amalanke. Iya kuma sana'arta matsar man gyaɗa, don haka ƙuli mai zafi daga kasko sai bakinsa, ya kora da lemon kwalba mai sanyi. Duk da haka ba shi da jiki, sai ɗan tumbi a gaba kamar ya ɓoye ƙwarya a cikin riga.

Ranar Layya kowane magidanci so yake ya fara sa hantar ragonsa a baki. Tsoho, ko bayan ya ajiye aiki, da an sauko idi zai ɗauki 'yar wuƙarsa ya bi gida-gida. In ya tarar da hanta mai tsutsa ko ƙurji sai ya ce a binne, ko mai gidan zai yi fushi har baɗi. Daga nan ya dawo gida shiru, ya naɗe tamu a takarda, ya aike ni da ita gidan, ya ce in ce Iya ce ta aiko. Na yi wayo sosai kafin in gane cewa ragunan gidanmu ma ana halittarsu da hanta.

Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "A buɗe a gani." Bai taɓa kashe wa mutum nama da zato ba, bai kuma taɓa wanke shi da rantsuwa ba. Ko an ce masa jikansa ne ya fasa tulu, sai ya ga tulun, ya ga ƙafata da laka, sannan ya ɗauko takalmi.

Ciwon ya zo ba hayaniya. Gajiya, da wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Gwaggona, autarsa, wadda ke karatu a Yamai, ita ta matsa aka kai shi Damagaram aka yi masa eko, hoton cikin nan da ake shafa wa mutum abu mai sanyi a tumbi. Likita ya ce hantarsa ta daɗe tana tara kitse, har ta fara tauri. Tsoho ya ce shi ko warin giya bai sani ba. Likita ya ce sukari da mai ma suna yi, kuma babu allurar da za ta wanke ta, sai dai a bar zaƙi, a rage mai, a riƙa tafiya da ƙafa. Gwaggo ta ce Tsoho ya karɓi hoton, ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Wannan da a kwata na same ta," in ji shi, "rami za ta."

Kaka Ƙarami bai yarda akwai ciwon da ba shi da magani ba. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu. Ya samo wani jiƙo na sassaƙe da saiwoyi daga wani mutum can ƙetaren iyaka, baƙi ƙirin, mai ɗacin da in ka shinshina sai ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Duk mako yana ɗaure bido guda, jarkar roba, a bayan babur ya kawo, ya zauna sai ya ga wansa ya sha kofi. Tsoho ya sha rani guda cur. Sai idanunsa suka yi rawaya, ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi. Da aka koma Damagaram likita ya tambayi abin da yake sha, ya ce masa ya daina, irin waɗannan jiƙe-jiƙen wasu suna ƙona hanta. Amma ya ce shi ba zai rantse ba ko jiƙon ne ya yi wannan ɓarnar ko ciwon ne da kansa ya ci gaba.

Tsoho ya daina. Bai fasa karɓar bidon da hannu biyu ba, yana godiya, in ƙaninsa ya tafi in je in juye a gindin bedin bayan gida. Bedin nan da kansa ya san ɗaci, amma sai da ya zubar da ganye.

A tafiyar Damagaram ta biyun nan ce Gwaggo ta sa aka yi wa Iya eko ita ma, tunda ta raka shi. Aka ce ita ma tata ta fara kitse, sai dai da sauranta. Mako na zagayowa, bido biyu suka zo a bayan babur.

Daga ranar Tsoho ya bar damuwa da tasa hantar, ya riga ya yanke mata hukunci. Ta Iya ce ta hana shi sakat. Ya ce kada ta sha. Ta ce shi ya sha rani guda ga shi nan yana zagin angonta, kuma ƙaninsa ba zai ɗauko guba ya goyo ta tun daga Ɗan Barto ba. Ta tambaye shi ko ya gani da idonsa jiƙon ne. Mutumin da bai taɓa kashe nama da zato ba ya ce bai gani ba.

Da Gwaggo ta zo hutu ya zaunar da ita ya tambayi ainihin abin da take yi a Yamai, don mu dai abin da muka sani shi ne tana sa farar riga. Ta ce ɓeraye suke kiwo a labo, ɗakin gwaje-gwaje. Iya ta ce a'uzubillahi, ashe abin da aka tura ta yi ke nan, ga su nan a rumbu kyauta. Gwaggo ta ce ana raba su ne: wasu a ba su abincinsu na kullum, wasu a ɗura musu mai da sukari har hantarsu ta yi kitse, wasu kuma a ba su man da sukarin a haɗa da maganin da ake son gwadawa. In lokaci ya yi a buɗe su duka a kwatanta. Na ga idanun Tsoho, duk da rawayarsu, sun yi wani haske da rabon in gan shi tun yana bin gidaje da wuƙa. Ya ce ashe aikinsa ne aka sa wa farar riga. Amma ya ce shi bai tsufa yana hana mutane cin mugun nama ba don ya ƙare da kiwon ɓera. Kaji zai sa, in an gama ko ba komai a ci.

Ya sa Iya ta yi alkawari ba za ta sha ba sai an buɗe kajin ta gani. Ta yi alkawarin tana dariya, ta ce in kaza ce za ta raba gardama, to.

Aka sayo dakwale, aka ɗaura musu zare a ƙafa. Masu farin zare gero da dusa kawai. Masu baƙin zare dakakken ƙuli da mai da sukari. Masu jan zare su ma haka, amma kowace safiya sai an buɗe musu baki an ɗura cokalin jiƙo. Ni ne mai ɗurar. Har yau in kaza ta hango ni a titin Matamaye sai ta canja hanya. Maƙwabta suka ce ciwon ya taɓa masa kai, wasu suka ce tsubbu ya fara da tsufa. Mahauta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko an ƙara masa girma ne zuwa mai duba kaji. Kaka Ƙarami ya ga zaren, ya ga cokalin, ya gane komai. Ya ajiye bidonsa biyu, ya gaishe da wansa, ranar ko ruwa bai sha ba ya hau babur.

Da lokaci ya yi, wata safiya aka yanka su. Tsoho ya sa aka jera hantocin a faranti, kowace da zarenta a gefe, ya sa tabarau, aka kira Iya. Na baƙaƙen sun yi rawaya, kamar yadda Gwaggo ta ce. Cikin na jajayen, biyu ya danna da babban yatsa suka marmashe kamar jiƙaƙƙen ƙuli. Har na fara shirin rawa. Sai na ga ya tsaya a kan na fararen. Su ma rawaya ne fal, ɗaya ma ta marmashe.

Iya ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai ita ba a raba abinci a gabanta wani ya ci wani ya kalla. Tun makon farko, in ya shiga barcin rana, take zuba wa fararen ƙuli. Akwai wadda ta ga tana gyangyaɗi, ta ɗura mata jiƙon don ta samu sauƙi. Zaren da ya kwance kuma ta mayar, amma ba ta riƙe wace ce da wane ba.

Tunda na zo duniya ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya buga farantin har wata hanta ta yi tsalle ta faɗa magudanar ruwa, kyanwa ta yi gaba da ita.

"Don ke nake yi," ya ce. "Tawa ta ƙare. Don ke nake yi."

"To ni na ce ka yi?" ta ce. "Ka bar ni in sha abin da ɗan'uwanka ya kawo, in kwana ya ƙare ya ƙare."

Wuni guda bai yi mata magana ba. Da yamma ta dafa kajin da yaji, ya ce ba zai ci ba, daga baya ya ci cinya.

Ya kira Gwaggo a salula. Ina kusa, na ji duka. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ko da Iya ba ta sa hannu ba, 'yan kajin nan ba su isa a yanke hukunci da su ba, su a labo sai sun maimaita sun sake maimaitawa, kuma ko ɓeran ya nuna abu, ba lallai mutum ya nuna shi ba. Ta ce sau da yawa abin da ya yi wa ɓera aiki, in aka zo kan mutum sai ya ba da kunya. Ta ce ya dai hana ta sha kawai.

"Na hana," ya ce. "Uwarki ba ta ji da kunne, sai da ido."

Aka sake sabon zubi. Wannan karon ya sa aka gina akurki uku a jere, aka kewaye su da waya, aka sa kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuyansa tare da carbi. Iya ta sabunta alkawari. In za ta wuce sai ta tsaya ta ba fararen haƙuri da baki.

Amma shi ne ya fara ƙarewa kafin su yi ƙiba. Cikinsa ya cika da ruwa, aka je Damagaram aka zuƙe, ya sake cika. Hannunsa ya riƙa karkarwa, ba ya iya riƙe kofi. Shayin ma ya bar tambaya, wannan ya fi komai tsorata ni. Wata rana ya kira ni da sunan ƙaninsa, ya ce in kora awaki kada Inna ta yi faɗa, uwarsu da ta rasu tun ba a haifi babana ba. Wata rana ya kalli akurkin ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya kulle kaji da kwaɗo. Na ce wani tsoho ne mai kishi da ni. Bai wurgo takalmi ba. Na je bayan gida wajen bedin nan na daɗe.

Wata safiya ya tashi garau kamar ba shi ba. Ya ce ɓarawon mata, zo nan. Ya kama babban yatsana ya danna shi a tafin hannunsa, ya ce haka ake dannawa, ba da ƙarfi ba. Ya ce in duba launi, in duba baki-bakinta, lafiyayyiya tana da kaifi, mai kitse takan dakushe. Ya ce in jera su da zarensu kamar yadda na ga ya yi.

"In na riga su, kai za ka duba. Ka kira Iya, ta danna da yatsanta. Kada ka yi mata bayani, bakinka ya cika ƙari. Ka bar ta ta danna."

Na ce ai ba inda za shi, so yake kawai ya ga ko zan yi masa kuka. Ya ce ko na yi ba zai bar mini ita ba.

Ya rasu da hantsi, gero yana fitar da kai, saura kaɗan lokacin da ya ɗibar wa kajin ya cika. Masu wanka suka cire mabuɗin daga wuyansa suka aika wa Iya. Washegari na je na karɓa na ba su abinci, na ɗura wa jajayen, na mayar mata. Na ce wa babana akwai abin da Tsoho ya bar mini in yi. Ya ce in bari baƙi su watse, yanzu ba lokacin wasan kaji ba ne. Na ga gaskiyarsa, na bari.

Ranar sadakar uku aka aike ni Kance da sassafe in ɗauko ƙanwar Iya, tsohuwa ce ba ta iya hawa kabu-kabu ita kaɗai. Ta tsaya neman mayafi, ta tsaya sallama da maƙwabta, ta tsaya a hanya ta gaishe da wata mai jego. Kafin mu iso, motar abokan cin ranin babana ta zo daga Kano cike da mutane. Tun daga zaure na ji ƙamshi.

Ƙofar wayar a buɗe take, kwaɗon na rataye. Mahauta ne suka yi yankan da kansu, don girmama shi, sun ce yau ba wanda zai taɓa wuƙa a gidan nan sai su. Ƙafafun kajin suna cikin wani kwano a bakin murhu, ja da baƙi da fari a cakuɗe. Na kama rigar babban mahautan na tambaye shi hantocin. Ya ce suna tukunya. Na ce yaya ya gan su. Ya yi tunani, ya ce kamar ɗaya ko biyu sun yi laushi, amma ƙafafu suka fara yankewa, kuma ba wanda ya ce su duba.

Na shiga ɗakin Iya ban yi sallama ba. Ta ce baƙi sun zo daga nesa, ba za a ce an zo gidan Tsoho an tafi da gaya ba miya ba. Ta ce kajinsa ne, shi ya ciyar da su, gara ladan ya same shi inda yake. Na faɗa mata duk abin da ya ce, da yatsa, da launi, da kaifi. Na ce a sayo wasu in sake, ta ƙara mini lokaci. Na kira Gwaggo na kara mata salular a kunne, ita ma ta yi ta roƙonta. Iya ta saurare mu duka, ta shafa kaina.

"Angona," ta ce, "shi da ya daina sha, ina yake?"

Ta fara sha washegarin sadakar bakwai, kofi da safe, kofi da yamma. Kaka Ƙarami yana kawowa duk mako. Bidon ya yi masa nauyi yanzu, ni nake sauke shi daga babur in kai mata ɗaki.